Lamba Arba'in da Bakwai

A takardarsu ba Inusa ba ne ni,
lamba arba'in da bakwai ce.
Nas Afriyie ta ce haka ƙa'idar take:
ni ban san me zan haɗiya ba,
likita bai san me ya ba ni ba.

Ƙwaya iri biyu, in ji ta, kamarsu ɗaya,
ɗaya magani, ɗaya gari ne da aka sa wa riga.
Kwamfuta ce ta jefa ƙuri'a.
In ka yarda ka sa hannu.
In ka gaji ka fita, ba mai bin ka Aboabo.
Shafi tara ne. Na karanta biyu,
sai ƙadangare ya gilma ta taga,
na raka shi da ido har bayan katanga.
Ta jira ni. Na dawo. Ta karanta min sauran da baki.

Shekara talatin da huɗu ana ce min mai rawar kai.
Inna ta ba ni rubutu har cikina ya yi baƙi,
tsumagiya uku ta ƙare a bayana.
A rumfata ta Kejetia wayoyi bakwai ne a buɗe,
kowace kayan cikinta a waje kamar ragon layya,
ban rufe ko ɗaya ba.
A salla nakan ɓace tsakanin raka'a ta biyu da ta uku
ina lissafin kuɗin batir.
Ƙabli da ba'adi sun san ni, na san su.

Kullum bayan koko, ƙwaya guda.
Kowace Talata a ɗaure min dantse, a hau da ni sikeli.
Sau nawa ka ɓatar da makulli?
Daga sifiri zuwa uku, yaya barci?
Lariba ma an ba ta tata takardar,
tana cikewa tana kare ta da mayafi
kamar mai jarrabawa.

Mako na uku bakina ya bushe,
na bar rabin tuwo a kwano.
Na ce, lallai ta gaske aka ba ni.
Mako na huɗu na fita sayen gas,
na dawo da tattabaru biyu.
Na ce, gari ne.

Mako na shida, bayan magariba, an ɗauke wuta,
Hamdiya ta zauna a ƙafata
tana ba ni labarin wadda ta sace mata fensir.
Na ji farkonsa.
Na ji tsakiyarsa, har sunan malamar,
har launin fensirin.
Na ji ƙarshensa.
Da wuta ta dawo sai na ga wushirya a bakinta.
Yaushe haƙoran nan suka fito?
Ina nake?

Na tambayi Afriyie, ki faɗa min tsakani da Allah.
Ta ce ambulan ɗin a liƙe yake
sai mutum na ƙarshe ya haɗiye tasa.
To idan gari ne, wa ya zaunar da ni daren nan?

Ranar rufewa na mayar da kwalba.
Ta zazzage a faranti, ta ƙirga: saura uku.
Kwana uku na manta.
Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saba.
Ta ɗauki biro ta rubuta, uku.
Ta ce, wannan ma muna bukatarsa.
Ban taɓa ganin an karɓi mantuwata da hannu biyu ba.

Ta ba ni kuɗin mota a ƙaramar takarda.
A trotro ina tunanin Hamdiya,
yadda ƙafarta ke kaɗawa ƙarƙashin benci,
yadda malamarta ta fara kiran ta da sunan da na sani.
Ina cikin wannan
kwandasta ya taɓa kafaɗata:
Maigida, ai mun wuce Aboabo tun ɗazu.