Tarin Faranti

A kan tsaunin Atacama, inda ruwan sama
ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya,
Don Eleuterio Tejerina ya zaunar da ni
gaban tsohuwar na'urar da ke juya madubin taurari.
Ya ce, "Maite, rufe littafin nan.
Wannan harshe sunansa Forth,
kuma ba ya son surutu."

Ya kwaso faranti uku daga kicin ɗin masu aikin dare,
ya ɗora wani kan wani.
"Ga sirrin duka. Wanda kika ɗora ƙarshe
shi za ki fara ɗauka."

Na buga biyu, na buga uku,
alamar tarawa ta biyo su a baya
kamar maigidan da ya iso bayan an gama shimfiɗa.
Ɗigo ɗaya. Allo ya amsa: 5 ok.
Iyakar gaisuwarsa ke nan.

A harshen nan kusan komai kalma ce.
Ki buɗe da ɗigo biyu, ki raɗa suna,
ki jero tsofaffin kalmomi a bayansa, ki rufe,
ƙamus ya ƙaru da jariri ɗaya.
Babu bambanci tsakanin wadda kika tarar
da wadda kika haifa jiya da dare;
kwano ɗaya suke ci.

Amma ba ya riƙe hannun kowa.
Ran nan na miƙa hannu cikin tarin da babu komai,
madubi ya daskare yana kallon bango,
muka yi asarar sa'a biyu ta sama mai tsabta.
Tsohon bai yi faɗa ba. Ya hura shayinsa.
"Wuƙa ce," in ji shi. "Ba ta tambayar me za ki yanka."

A watan Yuni gwiwarsa ta ƙi hawan dutse,
ya koma Calama wurin 'yarsa.
Na zauna ni kaɗai ina bin ƙamus ɗinsa layi layi,
shekara talatin na gajerun kalmomi,
har na iske wata: ROSAURA.
Kalmomi huɗu ne kawai a cikinta.
Ta tsayar da madubi, ta sunkuyar da shi,
ta ja rufi, ta kashe fitila.

Ban tambaye shi ko wace ce ba.
Kowace asuba, idan taurari suka fara dusashewa,
nakan buga sunanta da yatsu masu sanyi,
rufin ƙarfe ya taho yana gurnani,
allo ya ce ok.