Kilo Arba'in Da Shida

Rahinatu ta ce a waya: "Baba, jaka biyu kacal,
kowace kilo ashirin da uku, kada ka ƙara ko allura."
Na aro ma'aunin Munkaila mai nama,
na girke shi a tsakar ɗaki.
Shekara talatin da ɗaya a Aboabo
za su hau, su sauka, ɗaya bayan ɗaya.

Fanka ce ta fara tafiya.
Na ce sidi ɗari da hamsin, Awudu ya ce tamanin,
wai tana kuka da dare.
Na ce ba kuka ba ne, hira ce.
Ya biya casa'in, ya saɓa ta a kafaɗa,
wuyanta na waiwaye har suka sha kwana.

Firji kuwa sai da ƙarti huɗu
kafin ya yarda ya ƙetare ƙofa.
Inda ya tashi, siminti fari fat,
ga cokalin shayin da na zargi yaron shago da ɗauka
shekara tara da suka wuce.
Yaron yanzu tirotiro yake ja a Kejetiya.
Na bi shi har tasha neman gafara,
ya yi dariya, bai ma tuna ba.

Sai rediyoyi, goma sha bakwai a ƙarƙashin gado,
waɗanda aka kawo gyara ba a dawo ba.
Su kam sun warke tuntuni, masu su ne ba labari.
Wannan ta Alhaji Gariba ce, yana kwance a Tafo.
Wannan ta wata mai koko ce da ta ce mini "gobe".
Kayan amana ba ya sayuwa, ba ya hawa jirgi.
Ran Juma'a na jera su a bakin masallaci,
na kunna su gaba ɗaya,
kowa ya zo ya gane muryar gidansu.
Uku suka samu dangi.
Sauran liman ya raba wa tsofaffin layin baya.

Abin da ban yi zato ba, kyauta ta ƙi karɓuwa.
Na ba Safuratu turmin marigayiya,
ta shafa bakinsa, ta ce, "Ajiya dai, Malam."
Na ba Tanko bencin shago, ya ce ajiya.
Har Maame Akosua mai suyar ayaba a bakin titi,
na miƙa mata lemata,
ta ce da Hausarta ta Tonawa, "Zan riƙe maka."
Ni da na fito sauke kaya,
sun mai da ni mai ajiya a gida bakwai.
Ba wanda ya ce kada in tafi,
kowa dai ya kama bakin zare ya yi shiru.

Daren ƙarshe ɗaki ya koma maimaita tarina.
Ƙusoshi tsirara a bango,
kowace da inuwar abin da ta daɗe tana ɗauke da shi.
Jakar farko ta wuce lafiya:
riguna, daddawa, kwalbar shito naɗe cikin zane,
da rigar sanyin gwanjo mai warin ƙasar da ban gani ba tukuna.
Ta biyu ta haura da kilo ɗaya da rabi.
Na ciro ƙarfen dalmata, allura ta daidaita.
Rahinatu ta riga ta faɗa mini,
a Jamus ba a gyara, jefarwa ake yi.
Na riƙe shi, na daɗe.
Sai na mayar, na ciro takalman sallah.

Da asuba na miƙa wa mai gida makulli.
Ya jefa a aljihu, ya ce ɗan haya na zuwa ran Asabar.
Shi kaɗai bai ce ajiya ba.
Na gode masa.

Har muka wuce Konongo a motar Ankara
hannuna bai daina laluben aljihu ba.