Ƙwayar Goggo Lantana

A ɗakin gwaji na Samaru, hawa na biyu,
inda fanka ke tari tun safe,
ni ne mai gadin tulunan gilashi shida.
Ruwan cikinsu ɗumin jikin mutum gare shi,
ba ya ɗarawa, ba ya gazawa.
In jefa ƙwaya, in danna agogo,
in zauna kallon yadda abu ke sakin abin da ya riƙe.

Maganin kansa ɗan mitsitsi ne,
bai kai tsabar dawa ba a kan sikeli.
Sauran duk 'yan rakiya ne.
Ga sitacin rogo da muka wanke sau bakwai,
shi ke shan ruwa ya kumbura,
ya fasa ɗaki daga ciki.
Ga ƙaro daga kasuwar Sabon Gari,
mai ce wa gari, ku riƙe juna.
Sai wata hoda mai santsi
da ke hana ƙwaya manne wa bakin inji;
in hannu ya zarce da ita kaɗan,
ruwa ya zo ya yi sallama, a ƙi amsa masa.
Na ga wadda ta yi awa guda a tulu
ta fito garau, kamar tsakuwar Kubanni.
Malam Dalhatu ya zare tabarau ya ce,
"Wannan ko an haɗiye ta, ba a sha magani ba."

Goggo Lantana ta Tudun Wada ta riga mu sani,
shekara talatin tana mulmula fura.
Ta ce in ka matse dawo da yawa
ludayi zai gaji, nono ya bi ta gefe;
in ka yi sako-sako,
ya watse tun bai bar faifai ba.

Amma ita ce ranar Laraba
ta ɗauko ƙwayar hawan jini da aka ba ta a Shika,
mai jar riga,
wadda aka gina don ta riƙa tsatsafowa kamar sabuwar randa
daga asuba zuwa asuba.
Ta ce ta yi wa maƙogwaronta girma.
Ta sa bayan cokali ta murƙushe,
ta kaɗa a koko.
Rabon yini da kwana ya afka mata lokaci guda.
Kafin azahar ƙasa ta juya,
ta zauna daɓas a bakin murhu,
ƙwarya ta kife, kaji suka yi biki.

Da magariba na same ta a tabarma, ta farfaɗo.
Na ce, "Goggo, rigar nan ba ado ba ce,
madatsa ce, kika fasa ta.
Gobe mu koma a canza miki ƙarama."
Ta daɗe tana juya guda a tafin hannu,
ta kai ta kusa da fitila.
Ta ce, "Ashe ku ma fura kuke yi a makarantar,
sai dai taku ba a damawa."

Yau ma na jefa shida a ruwa.
Biyar sun buɗe kafin minti goma,
suna zubar da fari kamar gajimare.
Ta shida tana nan a ƙasa, ta yi shiru.
Ban rubuta komai ba tukuna.
Ina jira, agogo na tafiya.