Romon da Babu Jini

Ƙarfe huɗun asuba a Sendai,
dusar ƙanƙara na rufe layin dogo a hankali.
Chizuru ta sa safar hannu, ɗaya bisa ɗaya,
ta buɗe akwatin ɗumi kamar mai leƙa jinjiri.
Digiri talatin da bakwai, zafin cikin mutum,
amma ba mutum a ciki:
jakar roba ce, da ruwa ja-ja,
da lamba a goshi maimakon suna.

Sunan dai ta ji shi. Tsuneo,
mai kiwon kawa a gaɓar arewa,
wanda teku ta cinye wa jirgi
shekarar da ta hau tudu,
ya ci bashi ya sayi wani.
Yanzu jininsa ne ya yi masa tawaye.
Aka tace fararen ƙwayoyin garkuwarsa,
ɗan abin da bai cika cokali ba,
aka kawo mata raino.

Da can, malamarta kan narka kwalba,
ruwan jinin tayin saniya, fatsi-fatsi.
"Zuba," in ji ta, "suna so."
Me ke ciki? Sai ta ɗaga kafaɗa.
Abu dubu, wanda aka sani kaɗan ne.
Kwalbar bana ta yi albarka,
ta baɗi ta watsa maka aikin wata shida,
kowace saniya da halinta.
To wa zai ɗura wa majinyaci
abin da shi kansa bai iya lissafawa ba?

Wannan romon ba jinin kowa a ciki.
Gishiri kaza, sukari kaza,
insulin, da furotin mai dakon ƙarfe,
kowane da layinsa a takarda, da awonsa.
In abu ya ɓaci, akwai wanda za a tuhuma.

Sai dai yaye ba daɗi.
Kwana uku ƙwayoyin na fushi,
warwatse a ƙasan madubi, kowa ya kama gabansa,
wasu sun yamutse, sun mutu.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
lissafin bai ji kunyarta ba.
Ta tafi gida, ta dafa shinkafa, ta kasa ci.

Ran na biyar suka soma neman juna,
curi-curi, kamar ƙwan kifi.
Jan ruwan ya karkata zuwa ɗorawa:
sun ci, sun yi kashi, suna son ƙari.
Ba wanda ya ga murmushinta,
takunkumi ya rufe.

Wata nas mai suna Fumie ta kawo saƙo daga bene na shida.
Wai tsohon bai tambayi kwana nawa suka rage masa ba,
ruwan ya tambaya.
"Kawa ɗanɗanon gaɓarta take ɗauka.
A faɗa wa mai kiwon nawa
ta kula da ruwan, sauran su za su yi."
Shekara arba'in yana rataye igiyoyi
a ruwan da bai taɓa iko da shi ba.
Ita kuwa ga tekunta a jaka,
lita guda, ta san kowane ɗigo.

Kwana goma sha ɗaya, miliyan ta haifi miliyoyi.
Ta wanke su, ta wanke romon daga jikinsu,
ta sa hannu a wuri huɗu.
Ɗan aike ya ɗauki akwatin da hannu biyu.

Ko za su gane abokin gaba in sun koma gida?
Wannan ba ya cikin takardarta.
Ta goge teburin da sinadari,
ta sayi kofi mai zafi a na'urar bakin ƙofa,
ba ta sha ba tukuna,
ta dai riƙe gwangwanin a tafin hannu.
Gobe wata jakar, wata lamba.