Ɗigon Da Ya Tsaya

Ƙarfe biyun dare a Abha,
gajimare ya sauko ya kwanta bisa duwatsu,
ni ma na kifa kai bisa tebur,
na ce minti biyar, ba ƙari.
Sai kiran asuba ya tashe ni,
ga allurar tsoho Mufarrih cikin faranti,
ba wanda ya taɓa ta.

Na ɗauki biro.
Layi ɗaya ne, bai kai tsinken sakace ba:
an yi masa, ƙarfe biyu, Rifkatu.
Tsohon bai mutu ba. Da safe ya sha shayinsa,
har ya miƙo mini dabino uku,
ya sa wa hannuna albarka.
Na karɓa. Suka bushe a aljihuna,
na kasa ci, na kasa yarwa.

Ba wanda ya gani, in ji ni.
Amma da na durƙusa daren nan
sai addu'a ta zama tuwon jiya a bakina,
na tauna, na tauna, ta ƙi wucewa.
Na ce Uba, kalmar ta bugi silin
ta faɗo kusa da takalmina.

Ran Juma'a muka taru a ɗakin Mama Tabita,
mu tara, labule a sake,
muna yabo ƙasa-ƙasa don maƙwabta.
A ƙasar da ba ni da uwa, ba ni da dangi,
wannan zumuncin ne garina duka.
Gurasa ta zagayo hannu zuwa hannu,
na miƙa wa na kusa, na ce ciki ke damuna.
Ka ji ƙarya ta haihu,
ga jaririyarta a cinyata.

Kwana goma sha ɗaya haka.
Ina cewa Ubangiji Ya juya mini baya,
ina jin haushinSa, wai ni!

Sai wani dare, gado na shida,
wata yarinya leɓɓanta sun bushe,
ledar ruwa a rataye, cike fal,
amma ɗigo ya tsaya cak.
Na duba allura, lafiya. Na duba leda, lafiya.
Na bi siririyar robar da yatsa,
ashe ta lanƙwashe ƙarƙashin gwiwar hannunta.
Lanƙwasa ɗaya, ƙwayar shinkafa ta fi ta,
ta raba mai ƙishi da ruwansa.

Na miƙe ta. Ɗis. Ɗis.
Na tsaya ina kallo har idona ya bi sahu.
Ruwan bai ƙare ba, bai kuma yi fushi ba,
yana nan sama inda yake tun farko.
Ni na kwanta bisa hanyarsa.

Mai tsarki ne Wanda na kira Uba.
Ba Ya cin tuwo kwano ɗaya da ƙarya,
ko da 'yarSa ce ta tuƙa.
Wanda Ya hau gicciye domina
bai zub da jini don in yi ta ɓoye dabino a aljihu ba.

Da gari ya waye na sami shugabarmu Ikhlas,
'yar Sudan mai tabarau a goshi,
na buɗe takardar, na ɗora yatsa.
Ta daɗe tana dubana.
Takardar gargaɗi, da yankan albashin kwana uku,
kuɗin takin da Inna ke jira a Malumfashi.
Ya yi zafi. Ban ce bai yi ba.

Na je wurin tsohon ma.
Bai gane rabin Larabcina ba,
ya dai kama hannuna, ya girgiza kai.

Daren nan na hau soro, sanyi na yanka kunne,
fitilun gari sun watsu ƙasa kamar gero.
Ban iya doguwar addu'a ba.
Na ce, ni ce, ka gafarta.
Shiru.
Can ƙasan ƙirjina, a hankali,
ɗis.