Ɗakuna Huɗu

Takardar ta kwana uku a cikin kayena,
ta sha ninki har ta fara tsagewa.
Gida biyu kaɗai aka zana mata,
A a hagu, C a dama,
can ƙasa layin sa hannun uba.

Madam Salamu ta tare ni bakin aji:
"Barira, alƙalaminki gulbi ne,
bi A ki huta.
Wa ke barin gulbi ya je haƙar rijiya?"
Mushe Harisu bai ce uffan ba,
littafin maki kawai ya juyo mini.
Lissafi: tara bisa ashirin.
Jan bik ya zagaye taran
kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Ai na sani.
Hanyar asibiti ta C take bi,
bayan shekara a ratse D,
sai bak, sai wasu shekarun
da Inna ta ƙirga da yatsu, ta yi shiru,
ta koma ga tankaɗenta.

Bayan la'asar na hau kabu-kabu
daga Bagalam zuwa rumfar Baba.
Nomau mahauci, shekara talatin da wuƙa,
bai taɓa zama bencin lakwal ba.
Ya goge hannu a gaban riga,
ya riƙe takardar nesa da ido.
"Wannan mai kama da bukka fa?"
Na ce ta masu magana ce da rubutu.
"Wannan mai kama da ƙugiyar nama?"
Na ce ita nake so, ita ke tsorata ni.

Bai amsa ba. Ya kori ƙuda,
ya jawo zuciyar rago daga faranti,
ya tsaga ta a hankali
kamar mai buɗe wasiƙar wani.
"Kina shekara bakwai kika sa yatsa nan,
kika ce, Baba, wa ke kwana a ɗakunan?
Ƴaƴan maƙwabta gudu suke in na fiɗe,
ke matsowa kike."
Na faɗa masa sunayensu na boko,
ya faɗa mini nasu na fawa,
huɗu dai suka tashi, nawa da nasa.

Sai na ce, Baba, akwai tara.
Ya ce, "Tara cikin nawa?"
Ashirin.
"To bashi ne, ba mutuwa ba.
Ranar da na fara fiɗa
wuri shida na huda fata,
maigida ya ce in je in sayar da goro.
Ga ni."

Kuɗin darasin dare jikka uku ne a wata.
Na ga leɓensa na motsi,
yana mai da su tsinken tsire,
yana cire wa kansa shayin safe.
Ya ce, "Kawo."
Ya shafa bik a babban yatsa
ya danna a kan layin,
maiƙo ya bi tawada ya yi mata rawani.

Ni na ja gicciyen da kaina,
a gidan ƙugiya.
Hannuna ya yi rawa, ba zan ɓoye ba.

Madam Salamu ta karɓa da safe,
ta shinshina takardar, ta yi dariya,
ta ce, "Gulbin Maraɗi ma yakan ƙafe,
amma tona yashinsa ki gani."
Ban gane ko albarka ce ko gori ba.

Yanzu dare ya raba, wuta ta ɗauke.
Fitilar salula a bakina,
ina farautar wani x da ya ƙi fitowa
tun bayan isha.
Wannan baitin a bayan kayen lissafi nake rubuta shi,
daga shafin ƙarshe ina tahowa,
lambobi kuma daga farko suna zuwa.
Wata rana za su haɗu a tsakiya.
Kafin nan,
saura sha ɗaya.