Tasar Yashi

Uwarsu mota ce ta take ta a titin Aboabo,
ranar da ruwa ya cika kwata har ya leƙo zaure.
Na kwaso su biyu cikin kwalin madara.
Baƙar na ce mata Shito, farar na ce Gari,
don ni ko suna zan raɗa, a bakin tukunya nake samo shi.

Ƙarfe uku nake tashi.
Wake ba ya jiran wanda ya makara,
karan dafi sai ya sha wuta kafin shinkafa ta yi ja.
Daren farko an ɗauke lantarki, na sauko da ƙafar dama,
na taka abin da ba a ambata da alwala.
Dare na biyu, bayan buhun gawayi.
Na uku kan dardumata,
daidai inda goshina yake sauka.

Na ɗaga silifa.
Daga ɗakin ciki Baba ya yi gyaran murya:
"Adiza, ajiye.
Wanda ba a nuna wa hanya ba, ba a dukansa don ya ɓata."
Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Boku,
maganar hanya ba a yi masa musu.

Sai na nemo tsohuwar tasa mai gajeren baki.
Kwaku magini ya ba ni yashi shebur biyu, ko sidi bai karɓa ba.
Na kai ta lungu, nesa da kwanon cinsu,
don ko dabba ba ta son ci a ƙofar masai.
Da sun lashe kan kifi in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya,
in kama ɗan hannun in tona yashi da shi.
Da sun farka, haka.
Da sun gama kokawa, haka.
Gari kwana huɗu ta gane:
ta tona, ta rufe, ta fito tana yarfa ƙafa
kamar mai sabon lalle ta taka ruwa.
Shito kuwa ciki take miƙewa ta yi barcinta.

A hankali na san sauran.
Cin dare kafin magariba, bayan isha'i ba ƙari ko sun yi kukan maraici.
Inda suka ɓata, sabulu da lemun tsami har sau biyu,
hanci ne ke mayar da su wurin, ba taurin kai ba.
Da dare in rufe su a madafa tare da tasar,
gida ya yi wa gajerar ƙafa faɗi cikin duhu.

Akwai abin da matan gidanmu ba su sani ba.
Zanin da nake shanyawa bayan ɗaki kafin kiran salla,
ba aikin kyanwa ba ne.
Baba kan juya fuska bango ya ce, "Buta ce ta zube."
In ce, "I, Baba, butar nan tana yoyo."

Sai na dawo da shayinsa kafin magariba,
na matso da bokiti gindin gado,
na bar fitilar caji a bakin ƙofa.
Ya tambaya, na ce don Shito ne, tsoron duhu take.
Ya ce, "Allah sarki, yarinya ce."

Jiya, ƙarfe uku saura,
na ji ƙaras, ƙaras daga madafa.
Na leƙa. Shito ce ke tura yashi da hannu biyu,
ta sansana, ta ƙara, ta zauna tana lasar ƙirji.
Baba na tsaye bayana, dafe da bango,
rigarsa a bushe.
Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ƙasa-ƙasa,
yadda yakan faɗa wa yaran mota da:
"To, mun iso lafiya."

Na hura gawayi, na ɗora wake.